Motar Ƙarfe Tara

Rumfar ɗinkin koma ce a da, bakin tashar jiragen Grimsby,
ƙarnin kifi bai gama fita daga bangonta ba.
Nan muke haɗuwa daren Alhamis,
ni, da yara goma sha ɗaya, da matattun kekuna
muna ta da su da sifana da baƙin mai.
Buta ɗaya, kofi bakwai,
wanda ya makara ya sha shayinsa a murfin filas.

Shekara tara ban san launin ƙofar majalisa ba.
Na ce wannan harka ta masu kwat ce,
mu namu sarƙa da birki.
Sai ga takarda manne a tashar bas:
daga kaka, motar ƙarfe tara ta daina zuwa.
Motar da ke mai da Keeley gida,
da Tobiasz, da tagwayen gidan Marfleet.
In ba mota ba yara, in ba yara ba Alhamis.
Na tsaya cikin yayyafi ina ta karantawa
har tawadar ta yi kukan a madadina.

Oonagh Tranter ta zo da karyayyar laima.
Aikinta ke nan, bin lungu tana neman irinmu,
ƙananan ƙungiyoyin da ba su da ko hatimi.
Ta zauna kan akwatin ƙusoshi,
ta matsa gefe don rufin na ɗiga,
ta ce, "Denholm, wa ka sani a unguwar nan?"
Na ce kowa.
Ta ce, "Ƙirga."
Yatsun hannu ɗaya ma ban cika ba.

Ashe layi biyu a bayanmu akwai Rebwar mai aski
da 'yan ƙwallonsa na yammacin Asabar,
akwai Halina, tana koyar da rawa a ɗakin coci.
Kowa na zaton kwalekwalensa kaɗai ke kan ruwa,
kowa motar nan ce ke hana shi barci.

Oonagh ba ta kawo kuɗi ba.
Ta kawo abin da ba a kafawa a allo:
ranar da ake zama, wa ke riƙe da ajanda,
wace kansila ce ke amsa waya da kanta,
da yadda ake sa suna a samu minti uku.
Na ce ki yi mana magana, ke kika iya bakinsu.
Ta nuna rufin.
Ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Keeley ce ta tashi.
Shekara sha biyar, baƙin mai a ƙarƙashin farce,
takardar da muka yi mako muna gyarawa
ta manta ta a kujerar bas.
Makirufo ya fi ta tsawo, sai da aka lanƙwasa masa wuya.
Ta ce, "Daga rumfa zuwa gidanmu minti arba'in ne a ƙafa.
Fitilu uku sun mutu a hanyar.
Na ƙirga su. Ku kun taɓa?"
Ta zauna da sauran minti biyu a hannunta.
Wani mai furfura ya daina duban agogo.

Ba zan ce mun ci gari ba.
Alhamis da Asabar kawai suka bar mana,
gwajin wata shida, in ji su.
Fitila ɗaya aka gyara.
Sai kujera guda a kwamitin matasa,
da sunan ƙungiyarmu a kwali, harafi ɗaya a juye.
Keeley ta gyara shi da biro.

Alhamis ɗin da ta biyo baya
Halina ta shigo da kofi biyar cikin jaka,
Rebwar na biye da keke mai lanƙwasasshiyar ƙafa,
yana tambaya ko akwai dabara.
Akwai. Tobiasz, miƙo sifana.