Saƙo Ga Masu Garken Cikin Waya

A Maiurno, bayan la'asar, gindin darbejiya,
jikata Tumadir ta ɗora mini waya a tafi:
"Kaka, ga tumaki arba'in, kiwata mini su."
Na duba. Farare fat kamar an wanke su da sabulu,
babu ƙuda, babu kaska, babu mai tari.
Na danna, ciyawa ta zubo daga sama,
duka suka ci, duka suka ƙoshi lokaci guda.
Na ce, yarinya, wanda ya ƙera wannan
bai taɓa raba faɗan raguna a bakin kwami ba.

Ɗauko takarda ki rubuta musu.

Ki ce su sa rago mai ƙaho, mai son kansa,
ya tare dusa, ya tunkuɗe gurguwa gefe,
don mai wasa ya koyi kafa kwami na biyu.
Su bar mini shinge da zan iya ja,
in ware mai ciki, in ware mai jego,
in ba ɗan da uwa ta ƙi shi lungunsa.

Damina in ta sauka, garken ya caɓe.
Wanda bai kwashe taki ba, bai zuba yashi ba,
ya wayi gari kofato ya ruɓe.
Harawar da aka bari a ƙasa ta yi fumfuna,
ta kan rumfa ta kai shi bazara.
Ɗanyar ciyawar farkon ruwa kuma,
wanda ya sake su a kanta da yunwa
ya ga yadda ciki ke kumbura kamar ganga.

Ina kanwa? Ina gishirin lasa?
Ruwan ma ba ya ƙarewa a wasan nan nasu,
alhali mu da kogin Nilu ke bayan gida
sai jaki ya yi sawu uku kafin azahar.

Abu na ƙarshe, rubuta shi da kyau:
su bar ni in raɗa wa kowace suna.
In na kira, ta ɗago kai.
In na sayar da ita, garken ya yi shiru kwana biyu,
kamar yadda nawa ya yi
shekarar da na kai Goshi kasuwar Sinnar.

Tumadir ta ce, "Kaka, wa zai buga wasa mai wahala haka?"
Ban kai ga ba ta amsa ba,
sai ga baƙar akuyata ta tsinke igiya,
ta fizge takardar daga cinyar yarinya,
ta tauna shawarata tun daga bisimilla.

Na ce, bar ta.
Samo wata, ki fara da turke.