Tekun Cikin Rumfa

Ermelinda ta kawo teku cikin rumfa,
a Lisbon, ƙarƙashin rufin kwano.
Zurfinsa bai kai gwiwa ba.
Da takalman roba takan ratsa shi,
taku goma sha biyu ta ƙetare.

Garinsu na can arewa, bakin gaɓa,
inda yashi ke toshe mashigar jirage.
A yashe shi bana, baɗi ya dawo
kamar mai bin bashi da ya san gida.
Jirgin tsohonta, Adelino,
sau nawa ya kwana a waje da kifi a ciki,
yana jiran ruwa ya cika?

To ga tashar nan ta gina da siminti,
taƙi ɗaya a nan, hamsin a can.
Tsakuwa ce duwatsun katanga,
kowace sai da ta hau sikeli.
Yashin gaske ya yi wa ƙaramin ruwa nauyi,
sai ta zuba garin kwal a madadinsa.
Ta danna maɓalli,
allon ƙarfe ya shiga tura igiya,
shekara guda ta wuce kafin shayinta ya huce.

Miƙaƙƙiyar katanga: baki ya cike.
Ta ƙara mata tsawo: ya cike daga baya.
Ta rushe, ta share, ta rubuta a littafi,
gwaji na ashirin da uku, babu.

Ran Talata tsohon ya zo ganin likita,
ya biyo.
Ya yi dariya har da tari:
"Wannan kwatarniyar ce aka kai ki makaranta dominta?"
Sai ta ɗiga jan rini a ruwa.
Dariya ta tsaya.
Ya durƙusa, wandonsa ya jiƙe,
yana bin jan zaren da ido
har inda ya yi gwiwa ya koma ciki.

"Nan ne," in ji shi. "Nan yake fizgar mini akala.
Kada ki tare shi gaba da gaba, 'yar nan.
Ba shi kafaɗa ya goga ya wuce."

Ta lanƙwasa kan katangar da hannunta.
Allo ya tura, shekara biyar ta shige.
Baƙin gari ya zarce kudu,
sai ɗan kaɗan da ya maƙale a lungu.

Ba ta ce an gama ba.
Ta ɗauko ma'auni, ta sunkuya kan ɗan kaɗan ɗin,
shi kuwa yana matse ƙafar wando,
yana tambaya ko akwai jirgin ƙasa na yamma.