Ƙunshiya

Shagona a Aboabo, bayan mai gyaran rediyo,
faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba.
Nan Baba Gariba ke kawo mini littafinsa
kashi-kashi, cikin ledar burodi:
tarihin fataken goro na gidansu,
tun daga Salaga har Kumasi.

Wata huɗu ina buga ƙunshiya da hannu.
In rubuta babi, in danna ɗigo, ɗigo, ɗigo,
kamar mai shuka gero a kunya,
in na kai ƙarshen layi in dasa lamba.
Kashegari sai ga shi, yana dogara sanda:
"Barikisu, na tuno wani jaki
da ya ƙi shiga jirgi a mashigar Yeji."
Jaki ya shiga shafi na tara,
ya ture duk wanda ke bayansa,
lambobina suka kwana gaskiya, suka tashi ƙarya.

Mutaru, ɗan ƙanwata, ya tsaya a kaina yana cin gyaɗa.
"Iya, ruwa kike dakawa a turmi.
Shafa taken babi da linzami,
ki ba shi matsayinsa.
Wannan babban kai ne,
wancan ƙarami, a ƙarƙashinsa zai zauna.
In kin gama ki koma farko, ki kira su.
Duk wanda kika yi wa alama zai amsa."

Na kira.
Kafin fanka ta gama juyi ɗaya
sun jeru, kowa riƙe da lambarsa,
ɗige-ɗige a miƙe kamar ɗinkin keke.
Daɗi ya kama ni, kunya ma ta kama ni,
ban san wanda ya riga wani ba.

Baba ya zo bayan la'asar,
tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya.
Ya sa yatsa a gilashi yana bi:
Madugu Ɗantsoho, shafi na uku.
Shekarar da goro ya yi tsutsa.
Rigimar awo a Kejetia.
Har jakin Yeji ya samu layinsa.
Yatsan ya kai ƙasa, ya koma sama,
ya sake saukowa a hankali.

"Ina Mma Lariba?"

Na ce tana ciki, Baba.
Na nemo sunanta, sau saba'in da uku ya fito.
Ita ta sayar da 'yan kunnenta aka sayi kwandon farko.
Ita ke yayyafa wa goro ruwa da tsakar dare.
Kokon da ta dama shekara talatin
shi ya biya bashin madugu.
Tana cikin kowane babi, kamar gishiri a miya,
amma na'ura ba ta kiran wanda ba a ba shi kai ba.

Ya yi shiru har teroteron Asawase ya cika ya tashi.
"Bar na'ura," ya ce. "Ni ne ban ba ta ba."

Kwana uku muna tsince ta,
layi daga nan, rabin shafi daga can.
Wuta ta ɗauke sau biyu, muka jira a benci,
yana ba ni labarin tabon ƙuna a hannunta.
Da ta taru, na shafa sunanta,
na ba shi babban kai,
na koma farko, na danna a sabunta.

Ta shigo tsakanin madugu da jaki,
ta ture mazan gidan shafi goma sha ɗaya.
Ba wanda ya yi gardama,
kowa ya karɓi sabuwar lambarsa.

Baba ya ƙirgo kuɗina, ya ƙara sidi biyar.
A bakin ƙofa ya waiwayo:
"Gobe ina nan tafe.
Tana da ƙanwa."