Ƙahon Gwankin Kuyambana

Shekarar da na rataye amyata ta fari
a kan ɗorawar bakin tafki,
can bayan Ɗansadau inda hanya ke ƙarewa,
na hango shi kwance cikin gamba,
ɗan gwanki ja kamar ƙasar gini,
kunnuwa sun fi kan girma.
Goshinsa sumul, sai tudu biyu
kamar gurjiya a ƙarƙashin fata.
Uwarsa na kiwo can nesa.
Na sauko ta bayan itace, ko kara ban taka ba.

Da ɗorawa ta sake fure na komo da hayaƙina.
Gurjiyar ta tsira,
tsinke biyu baƙaƙe, tsawon taƙi,
yana goga su a jikin marke
kamar yaron da haƙori ke wa ƙaiƙayi.

A ta uku suka soma rusunawa baya,
gindinsu ya yi gaɓa irin ta rake.
A bazarar nan babban garke ya kore shi.
Na ga sun durƙusa su biyu, gwiwa a ƙasa,
goshi da goshi,
ƙarar ta kai ni har bisa reshe,
ƙudan zuma ma sai da suka yi tsit.
Ya tashi da jini a kunne, ya nufi kudu shi kaɗai.

Barmo maharbi ya tare ni a kasuwa ran Juma'a.
Ya ce, kai mai hawan itace, idonka ya fi nawa nisa,
gwanki sha bara, ina yake shan ruwa?
Na nuna masa gabas.
Allah ya yafe mini, tafkin yana yamma.

Ƙaho ba ganye ba ne, rani ba ya kakkaɓe shi.
Daga tushe yake ƙaruwa,
sabo yana tura tsoho sama,
tsinin nan da ke tsaga iska
shi ne ɗan tsinken da ya goga a marke.
Ƙuruciyarsa yake ɗauke da ita a kai, yana tafe.

Shekarar da ruwa ya ɗauke a Yuli,
dawa ta ƙone a tsaye, amyata ta wayi gari fayau,
gaɓar da ya yi ta matse, siririya.
Ni ma a shekarar na ƙara wa ɗamarata ƙulli.

Sai daji ya rufe.
Bindigogin da ba na farauta ba suka sauka cikinsa.
Damina uku ban ga ɗorawata ba,
na koma sayar da zumar wasu a kwalba,
in na rufe ido ina lissafi:
yanzu ya kai kaza, yanzu ya lanƙwasa kamar lauje.

Bana na shiga, ni da Barmo, da sanda kawai.
Amya ta ruɓe ta faɗo.
Taku goma daga ruwa muka same shi,
gara ta gama da abin da kura ta bari,
sai ƙahon nan biyu, na hagu ya karye a baki.
Na tsuguna na bi su da babban yatsa
kamar mai jan carbi.
Ga ta korar garke. Ga siririyar fari.
Ga waɗansu da ban san labarinsu ba,
masu kauri, ashe ya ƙoshi da ba ma nan.

Barmo ya dube ni, ya dubi tafkin, ya ce, gabas ko?
Ban tanka ba.
Ya ɗauki na dama, ya huda shi kusa da tsini,
ya share da hannun riga, ya busa.
Balbelu suka tashi daga bakin ruwa.
Mai karyayyen bakin na sa a jakar hayaƙi,
yana dukan ƙuguna har muka iso gari.