Makulli, Mabuɗi

Teburina bai kai faɗin darduma ba,
bakin titi, Tudun Wada, jikin rumfar mai shayi.
Shekara goma sha tara ke nan ina yanka makulli.
Kafin nan masaƙa ce, Kakuri,
mu shiga da baƙin gashi, mu fito da furfurar auduga.
Ranar da aka rufe ta
na tsaya kallon kwaɗon ƙofa har la'asar sakaliya.
Ina jin a nan sana'ar ta gan ni.

Ba mai zuwa wurina don daɗi ya ishe shi.
Ko dai abu ya ɓace,
ko ana tsoron ya ɓace.

Abu ɗaya ne, Bahaushe ya yi masa suna biyu.
Wani ya ce yanka min makulli,
wani ya ce yanka min mabuɗi.
Nakan ɗaga kai in dubi fuskar mai magana.
Ban ce kullum nake cinka daidai ba,
amma na fi mai duba cin gaskiya.

Alhaji Barau na da su ashirin da ɗaya a zobe guda,
sun huda masa aljihu biyu.
Ya ce min rabonsa da barci tun kafin azumi.
Lantana mai ƙosai nata ɗaya ne, a bakin zani,
tana gyangyaɗi mai na tafasa.
Kada a ce na yabi talauci.
Na san shi, mun kwana ɗaki ɗaya, yana da minshari.
Abin da na gani kawai na faɗa.

Wata rana yaro ya zo da sabulu,
shatin makulli kwance a cikinsa kamar sawun kaza.
Na ce na wa? Ya ce na babanmu.
Na ce to babanku ya zo.
Ya tsallaka titi, wani ya yanka masa, ina kallo.
Daren nan tuwo ba nama,
kuma ba wanda ya zo ya ba ni lambar yabo.

Magagari ya koya min abin da makaranta ba ta koya min ba:
abin da ka goge ba ya dawowa.
Haƙori ɗaya ka zarce da kaurin gashi,
sai ƙofa ta ce ba ta san ka ba.
Haka na yi da ƙanena Iliya, kalma ɗaya, kan gonar gado.
Muna gaisawa. Amma ba ya shiga.

Ɗana Tanimu gyaran waya yake a Kasuwar Barci.
Ya ce Baba, aikinka ya kusa mutuwa,
yanzu da yatsa ake buɗe ƙofa.
Na ce madalla.
A masaƙa na ga yatsu uku sun ɓace,
ban ga wanda ya yanka wa masu su sabo ba.

Akwai gwangwanin madara a ƙarƙashin teburin nan.
Makullin Yohanna na ciki,
abokin injina, wanda ke rufa min asiri in na makara.
Shekarar da gari ya hargitse ya damƙa min shi,
ya ce riƙe, sati biyu zan dawo,
ya haye gada da katifa a ka.
An sayar da gidan sau biyu,
an sauya ƙofar, an ma sauya inda ƙofar take.
Makullin ba ya buɗe komai a duniyar nan.
Duk da haka in damina ta faɗi
nakan shafa masa mai, kada tsatsa ta ci.

Magariba ta yi. Mai shayi ya hura wuta.
In kakkaɓe garin ƙarfe daga gemu,
in ɗaure tebur da igiya, in tafi.
Ƙofar ɗakina ƙusa ce lanƙwasasshiya.
Matata ta gaji da yi min gori.