Suna Ɗaya, Kwando Biyu

Jabbi ƙanena yana Ferona,
yana yankan inabi da almakashi
a gonar wani tsoho mai tari.
Ya ce sunan inabin korbina,
baƙi wuluk, mai kaurin fata.
Su ke matsewa su yi abin shansu,
shi nasa yanka ne da dako.

Ran Juma'a ya shiga kasuwa,
ya nuna wani kifin teku bisa ƙanƙara.
Mai kifi ta ce, korbina.
Ya ce a'a, korbina na baro gona,
ga shaidarta a farcena.
Ta yi dariya, ta naɗe mashi a takarda.

Ni ina bakin gadar Kwalkwalawa,
waya a kafaɗa, ina kankare karfasa.
Na ce, Jabbi, ina abin mamaki?
Tun ina yaro nake saida giwan ruwa,
ban taɓa ganin haurensa ba.
Ragon ruwa bai yi wa kowa layya ba.

Ya ce wai daga hankaka suka gaji sunan,
don duhun jiki.
Hankaka kuwa ga shi bisa turken wuta,
yana jiran hanjin da zan zubar.

Shiru. Kati na ƙonewa.
Can ya ce, ni ma suna biyu gare ni,
mai gona Jakomo yake kira na.
Na ce, wanne kake amsawa?
Ya ce, wanda ake biyan albashi da shi.

Layi ya yanke.
Rima ta janye bana, kifin bai kai goma ba.
Na kira sunansa na gida, sau ɗaya, a hankali.
Hankakan ne ya waigo.