Ɗan Dako a Cikin Hanta

A Memba, shekarar da sama ta yi rowa,
gyaɗa ta ƙi, wake ya bushe a tsaye,
rogo kaɗai ya amsa sallama.
Mai ɗacin nan. Shi ne ba ya gudun fari.

Atija ta san ƙa'ida sarai:
a ɓare, a shanya, a bar rana ta tsotse ɗacin,
mako biyu, mako uku.
Amma yunwa ba ta iya lissafi ba.
Ran da ta tono shi, ran nan ta daka.

Ni aikina kwalabe.
Ina bin makarantu da akwatin sanyi,
yara na ƙyalƙyala dariya, suna ɓoye fitsarinsu a bayan riga,
ba su san wasiƙa suke miƙo mini ba
daga wani ma'aikaci da ban taɓa gani ba.

Rodanis sunansa a littafi.
Ni ɗan dako nake ce masa.
Can cikin hanta yake, a ƙuryar da ake hura wutar jiki,
ba ya saye, ba ya sayarwa:
ya saɓa ƙwayar kibiritu guda a kafaɗa,
ya tare sayanayid a hanya,
ya ɗora masa. Shi ke nan.
Haƙoran guba sun dakushe,
ƙoda ta nuna mata ƙofa.
Ya juyo hannu rabbana, ya sake sunkuyawa.

Sai dai ɗan dako ba ya ƙera kaya.
Kibiritun daga kwano yake fitowa:
ƙwai, busasshen kifi, ɗan wake.
Atija ta sayar da kajinta tun watan tara.
Teku na nan, tafiyar wuni guda,
kuɗin kifin ne ya fi tekun nisa.

Kwalba ta goma sha bakwai: Momade, shekara takwas.
Takardar gwaji ta rine fiye da kowacce.
Wato ya yi aiki, bawan Allah, kwana ya yi yana yi,
kayan ne suka ƙare kafin guba ta ƙare.
Jiya na hangi yaron a hanyar rijiya,
yana taka ƙasa da yatsun ƙafa, gwiwoyi na gogar juna,
riƙe da sandar da ta fi shi tsawo.

Na cika lamba a rajista.
A layin shawara, wuri kaɗan aka bar mini.
Na rubuta: kifi.
Sai na zauna ina kallon kalmar.